Sabuwar taya na je saya, na dawo gida da ta hannu

Wata Lahadi ina dawowa daga kasuwar Mirriya, na kauce wa wata babbar mota, tayar baya ta dama ta faɗa bakin kwalta inda ruwa ya zaizaye. Ta tsage a gefe, tsawon yatsa. Duk mai mota ya san ba a facin gefen taya, domin nan ne take lanƙwashewa a kowane juyi, faci ba ya zama. Na ɗaura safayar da ke rataye a ƙofar baya, wadda rana ta gama gasawa, na lallaɓo Damagaram a hankali.

Motar RAV4 ce ta 2010, mai jan ƙafa huɗu, tayoyinta 225/65 R17. Washegari na shiga wani shago, yaron ya mirgino min sabuwa fil mai wannan lamba, ya ce, "Alhaji, lamba ɗaya ce, ɗaura ka tafi." Na biya jaka 60, wato sefa dubu 60, na sa a bayan mota, na nufi wurin dattijon da ke min faci shekara da shekaru. A kan aikinsa nake wannan sharhi, shi da tayar da ya zaɓa min daga baya.

Bai taɓa jak ba. Tsinken ashana ya ɗauko, ya zura a ramin zanen sabuwar, ya sa farce, ya gwada a jikin ma'auni: milimita 8. Ya bi ukun da ke jikin motar ɗaya bayan ɗaya, kowacce wajen milimita 4. Ya ce, "Ɗana, wannan ta fi ƴan'uwanta tsawo. In na ɗaura maka, kuɗin aikina zan karɓa, amma motarka ba za ta gode min ba."

Raina ya ɗan ɓaci, don na ɗauka hanyar cin kuɗi yake nema. Na ce, "Baba, milimita 4 fa? Ai ko kaurin ƙwandala biyu bai wuce ba." Sai da na zauna kan bencinsa na buga lissafi a waya jikina ya yi sanyi. Taya mai wannan lamba, daga ƙasa zuwa sama, kusan milimita 724 ce, kewayenta mita 2 da santimita 27, wato tana juyi kusan 440 a kilomita guda. In zane ya ragu da milimita 4, sama da ƙasa an rasa 8, kewaye ya ragu da santimita 2 da rabi. Tsohuwar za ta riƙa fin sabuwar juyi kusan 5 a kowace kilomita. Daga nan zuwa Yamai, tafiyar da ta kusa kilomita 900, bambancin ya haura juyi 4,000.

A nan mutanenmu ke ruɗewa, tunda duk mai jan ƙafa huɗu kat-kat muke ce mata. Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin na hanyar Tanut da Agadas, a kwalta ƙafafun baya kaɗai ke ja, sai direba ya ga yashi ya sa giyar huɗu da hannunsa. Irin tawa kuwa ba ta shawara da direba. Kowace ƙafa tana da na'urar da ke ƙirga juyinta, a ƙarƙashi kuma, dab da aksil na baya, akwai wani kuloci da ke kamawa ya tura ƙarfi baya da zarar kwamfutar motar ta ga alamar santsi. To ita ba ta san sabuwar taya ba, juyi kawai take gani. Bambancin da aka yi ta don ta jure na ɗan lokaci, a kwana ko a yashi, sai ya zama na kullum, ƙarafa na ta guga, mai na ɗaukar zafi. Mu kuma da zafinmu na Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40.

Gaskiya, irin RAV4 ɗina ta fi haƙuri da wannan a kan Subaru, wadda ƙafafunta huɗu ke ja dare da rana. Na san masu yawo da tayoyi huɗu daga gida huɗu, motarsu na tafiya. Amma ni na taɓa jiran kayan gyara daga Kano har mako uku, ban sha'awar maimaitawa.

Dattijon ya ba ni zaɓi uku. In sayi huɗu sababbi, wanda aljihuna ya ƙi tun kafin ya rufe baki. In sayi biyu in sa a aksil ɗaya, wanda ya daidaita hagu da dama amma ya bar gaba da baya a saɓe. Ko in nemi ta hannu, okaziyo, wadda ta ci daidai da nawa. A Amurka akwai masu injin aske sabuwar taya har ta zo daidai da tsofaffin. Da na ba shi labari dariya ya yi, ya ce mutum ya sayi rago ya biya a rame masa shi.

Na mayar da sabuwar. Sun karɓa, amma sun cire jaka 3, wai an fita da ita daga shago. Ko ƙasa ba ta taka ba.

Neman okaziyon ne ya cinye mana yini, kuma nan na ga amfanin tsohon hannu. Ta farko zanenta kamar sabuwa, ya nuna min hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki: tayar hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, kwaltarmu za ta suɗe ta kafin damina. Ta biyu ya duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da aka rubuta DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ya ga ta haura shekara goma. Ta uku ya shafa cikinta da tafin hannu ya ji faci kusa da kafaɗa. Ta huɗu ce ta shiga: kamfani ɗaya da nawa, zane iri ɗaya, milimita 5, shekararta uku. Jaka 20. Da ya ɗaura ya ba duka huɗun iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ya ɗaga motar, ya zagaya kowacce da igiya yana sa alama da alli. Tazarar alamomin ba ta kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Na je Maraɗi sau biyu, Magarya ban san iyaka ba. Ba ƙugi daga ƙasa, mota ba ta ja gefe, tayar tana ci tare da ƴan'uwanta.

Inda ya gaza ma zan faɗa. Ba shi da injin daidaita nauyin taya, bai kuma gaya min ba, sai da na hau hanyar Takeita na ji kujera na rawa da zarar gudu ya kai kilomita 90 a awa. Dole na biya wani wurin aka manna mata darma. Bakin iskar ma bai sa sabo ba, tsohon ya mayar, kwana huɗu tana sacewa kafin mu gano, abin da jaka guda ta isa ta hana. Rasit kuwa babu, daga shi har mai okaziyon. In ta yi ƙari gobe, sai dai a yi maganar mutunci.

Duk da haka zan koma wurinsa, kuma na tura ƙanena. Sai dai dabarar ba ta kowa ba ce. Wanda tayoyinsa ba su wuce wata biyu ko uku ba, ya sayi sabuwa ɗaya irinsu sak, ya huta. Wanda nasa suka kusa taɓa ƴan tudun da ke cikin ramin zane, alamar milimita 1.6, kada ya wahalar da kansa da neman ta hannu, huɗun ne suka ƙare. Ni a tsakiya na faɗo. Dattijon ya ce in na kai bayan damina da waɗannan na ci riba, don haka na fara ajiye jaka 20 duk wata, kuma wannan karon har da safayar a lissafi.