Na hau Atomium a Brussels: ginin ya biya ni, ɗan jagoran kuwa ya ci kuɗina

Tun da fari in gargaɗe ku: kada wanda ya kuskura ya sayi tikitin Atomium, ginin nan na manyan ƙwallayen ƙarfe da ke Brussels, a hannun masu tallan nan na intanet da ke cewa "babu bin layi, ga ɗan jagora". Ni na saya, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Sayen motoci ne ya kai ni Brussels, kamar kullum. Duk ɗan Maraɗin da ke wannan harka ya san unguwar Heyvaert, inda garejoji ke jere ana cinikin tsofaffin motocin da za a loda a tashar ruwa ta Antwerp. Na yi shekaru ina zuwa, amma ban taɓa wuce gareji, masallaci da masauki ba. Wannan karon kaya sun tafi da wuri, saura kwana biyu jirgina ya tashi, sai ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya kafe. Ya ce, "Kawu, wallahi bana ba za ka koma gida ba sai ka hau ƙwallayen nan." Shi ya so mu je ƙofa mu yanki tikiti kamar kowa. Ni ne na ga talla a waya da dare, na ce tunda sau ɗaya ne gara a samu wanda zai yi mana bayani tiryan-tiryan. Abin da na biya mana mu biyu ya haura kuɗin ƙofa nesa ba kusa ba.

Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 6, muka sauka a tashar Heysel da hantsi, ana ɗan yayyafi. An ce mu haɗu da ɗan jagora ƙarfe goma. Sai goma da rabi saura kaɗan ya iso, da lema a hannu, ko "ku yi haƙuri" bai ce ba. Mu goma sha wani abu ne a ayarin. Maganar "babu bin layi" kuwa, ashe layin yankan tikiti kawai ake nufi. Layin lif, wanda shi ne ainihin layin, kowa sai ya bi shi, haka tsarin wurin yake kuma ban ga laifinsu ba. Laifin na wanda ya sayar mini ne, da ya san haka ya yi shiru. Mun fi minti arba'in a tsaye.

To amma fa ginin! A hoto na sha ganinsa, har a jikin maƙalin makulli da ake kawo mana tsaraba, na ɗauka wani ɗan abin ado ne a tsakiyar shataletale. Sai da na tsaya a gindinsa na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Tsayinsa mita 102. Ƙwallaye tara ne, kowanne faɗinsa mita 18, wato gida mai hawa zai shige cikin guda ɗaya ya zauna daram, an sarƙa su da manyan bututu, dukansu a tsaye kan kusurwa ɗaya kamar an kafa akwati a kan hancinsa. Ni mutumin ƙarfe ne, sana'ata ke nan, hannuna ya san bambancin bodi mai kauri da na gwangwani. Na tsaya ina kallon yadda aka jera faifan jikin ƙwallon ƙasa, masu kusurwa uku-uku, bakin wannan ya haɗu da na wancan ba tazarar da za ka cusa farce. Ruwan sama na gangarowa a kai, ga hotonmu ni da yaron a ciki, mun zama 'yan mitsi-mitsi a lanƙwashe.

A nan, in faɗi gaskiya, ɗan jagoran ya san karatunsa. Ya ce siffar ƙwayoyin zarra ce na baƙin ƙarfe, yadda suke zaune a junansu, aka kumbura ta sau biliyan 165. Injiniya André Waterkeyn ne ya ƙirƙiro ta, masu zanen gini André da Jean Polak suka yi aikin tare da shi, domin baje-kolin duniya na 1958, wanda shi ne babba na farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da farko an so ginin ya tsaya da ƙafarsa ba madogara, sai gwajin iska ya nuna guguwa za ta iya kifar da shi, shi ya sa aka kafa masa ƙafafun nan uku da ke tallafe da ƙwallayen ƙasa. Uku daga cikin na sama ba su da madogara, don haka ba a shiga cikinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki, wai wata shida kacal aka shirya zai yi, a gama biki a kwance shi. Mutane suka ƙi, aka bar shi, kamar yadda aka bar hasumiyar Eiffel ta Faris bayan baje-kolin 1889. Asalin fatarsa ta alminiyom ce, ta dushe da shekaru, sai tsakanin 2004 da 2006 aka kware ta aka sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Tsofaffin faifan ma ba a zubar ba, sayar wa jama'a aka yi a matsayin abin tunawa. Wannan ya yi mini daɗi, don na san darajar tsohon ƙarfe.

Lif ɗin kansa daƙiƙa ashirin da 'yan kai ya kai mu ƙoli, mita 5 yake ci a daƙiƙa, kuma a 1958 babu wanda ya kai shi gudu a Turai. A can sama hadari ya ɗan yaye, gari ya buɗe. Yaron ya nuna mini filin ƙwallo na Sarki Baudouin, wanda a da ake kira Heysel, inda mutum 39 suka rasu a wasan Juventus da Liverpool a 1985. Daga nan aka sauko da mu, muka bi matakala mai tafiya da kanta a cikin bututun. Kai! Dogon rami ne a karkace, duhu, fitilu ja da shuɗi suna gudu a bango, ba ka ganin inda za ka ɓulla. Na riƙe hannun matakalar gam, zuciyata na bugawa, amma daɗi nake ji irin na yaro ranar hawan salla. A lokacin na riga na yafe jinkirin da layin duka. Na ce wa yaron, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, da na tafi ban ga wannan ba da na yi asara." A raina na gama ba su tauraro biyar.

Sai abin da ya ɓata komai ya faru.

Mun fito waje, ɗan jagoran ya tara mu yana nuna filin da hannu. Nan rumfar Amurka take, can ta Tarayyar Sobiyet da suka kawo samfurin tauraron Sputnik, ga inda kamfanin Philips ya yi tasa rumfar da mai zanen gini Le Corbusier ya tsara, wadda aka rushe bayan biki. Daga 17 ga Afrilu zuwa 19 ga Oktoba, mutum sama da miliyan 41 suka shigo. Ya ce taken bikin shi ne a auna duniya don a samu duniya mai ƙarin mutuntaka, ya maimaita shi da Faransanci yana murmushi, ya ce lokaci ne da kowa ke cikin farin ciki. Sai yaron ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, ina ne aka yi ƙauyen 'yan Kwango?

Ni a lokacin ban ma san me yake tambaya ba. Amma na ga fuskar mutumin ta canja. Ya dubi agogo. Ya ce wannan ba ya cikin tsarin ziyararmu, wancan wani zamani ne daban, kuma lokaci ya ƙure, Mini-Europe, wurin shaƙatawar da ke cikin tikitinmu, na jiranmu. Ya ɗaga lemarsa ya yi gaba. Mutumin da ya ci mana rabin awa da safe, shi ne ba shi da minti biyu na amsa tambaya ɗaya. Mu biyu ne kaɗai baƙar fata a ayarin, kuma kowa ya ji, kowa ya ga yadda aka share yaron kamar ya yi ashar.

Na ja shi gefe, muka zauna kan wani benci mai danshi. Na ce, "Wane ƙauye kake nufi?" Ya ce, "Kawu, ashe ba ka sani ba?" Sai ya warware mini. A wannan baje-kolin, ba nisa da gindin ginin da na gama yabo, gwamnatin mulkin mallaka ta Beljiyam ta ware wa Kwango sashe guda. An kawo 'yan Kwango kusan 600, maza da mata da yara, aikin bikin. Wasunsu aka gina musu bukkoki a cikin wani lambu, aka kewaye da shingen gora, aka sa su zama a ciki suna sassaƙa da saƙa wuni guda, Turawa na jingine da shinge suna kallo. Wasu 'yan kallon har ayaba da kuɗi suke jefa musu. Mutanen suka kasa jurewa, a watan Yuli suka bar wurin, bukkokin suka zama kango tun ba a rufe biki ba. Shekara biyu bayan haka, ranar 30 ga Yuni 1960, Kwango ta samu 'yancin kai. Ya ce ba ma shi ne na farko ba: a 1897, zamanin Sarki Leopold na Biyu, an baje 'yan Kwango 267 a garin Tervuren kusa da Brussels, bakwai suka mutu a can, kaburburansu na nan gefen cocin garin.

Na yi shiru. 1958 fa ba zamanin kakannin kakanni ba ne, mahaifina a lokacin ya isa aure. Da a Kwango aka haife shi, yana iya zama ɗaya daga cikin waɗanda ke bayan shingen. Na sake ɗaga kai na dubi ƙwallayen, suna nan suna walƙiya kamar ɗazu, amma sai na ji wuyana ya yi nauyi. Yaron ya ƙara mini da cewa ginin an yi shi ne don murnar zamanin nukiliya, alhali yawancin yuraniyom ɗin da aka haɗa bam ɗin Hiroshima da shi a 1945 daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga aka tono shi, a Kwangon nan dai. Wannan ba sai an yi wa ɗan Nijar dogon bayani ba. Mun san Arlit, mun san inda yuraniyom ɗinmu ya yi shekaru yana tafiya, mun san kuma gidajen da ke kwana cikin duhu.

Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Ni ba kuɗin lif na biya mutumin nan ba, lif da shi da babu shi zan hau. Kuɗin tarihi na biya. Ya san kaurin ƙarfe, ya san gudun lif, ya haddace yawan 'yan kallo, to ba zai ce bai san da ƙauyen ba. Zaɓa ya yi. Da mota zan sayar wa mutum in nuna masa fenti da kujeru in ɓoye masa cewa ta taɓa kifewa, sunana ya ɓaci a kasuwa ke nan. Ban ce ya tsaya yana kuka ko ya ba mu haƙuri kan abin da ba shi ya yi ba. Ya nuna da yatsa ya ce "a can ne, ga abin da ya faru", jimla uku ta isa.

Mini-Europe mun shiga, tunda an biya. Ƙananan gine-ginen Turai ne aka ƙera, kowanne kashi ɗaya cikin 25 na ainihinsa, tun 1989 aka buɗe wurin. Ka danna maɓalli taken ƙasa ya tashi, dutsen Vesuvius ya yi aman wuta. Aiki ne mai kyau, yara za su so shi ƙwarai. Ni dai hankalina ba ya wurin. Muka sulale daga ayarin, muka samu gefen ciyawa a ƙarƙashin bishiya muka yi azahar, ba wanda ya tsangwame mu.

Da magariba yaron ya ce mu dakata mu ga an kunna fitilu. Na so in ƙi, sai na tsaya. Kuma wallahi da suka kama, ƙananan fitilu suna zagaya kowane ƙwallo suna ƙyaftawa, sai da na sake cewa tabarakalla. Ginin ba shi da laifi, gwanin kyau ne, kuma wanda duk ya zo Brussels ya koma bai hau shi ba ya cuci kansa. Ku je da sassafe kafin layin lif ya yi tsawo, ku yanki tikitinku a wurin masu ginin kai tsaye, mai ciwon gwiwa kuma ya shirya wa matakalar saukowa don tana da yawa. In na dawo da iyali zan sake hawa, sannan mu wuce Tervuren in ga kaburburan nan bakwai da idona.

Masu tallan kuwa na rubuta musu a daren, da Faransanci, na zayyana jinkirin, da layin, da yadda aka yi wa ɗana a gaban mutane. Bayan kwana huɗu, ina Maraɗi, amsa ta shigo: suna godiya da na zaɓe su, ga ragin kashi goma in zan sake saye. Ko kalma ɗaya ba su ce ba kan tambayar yaron. Tauraro biyar ga Atomium, ɗaya gare su, shi ma don shafin ba ya karɓar sifili ne.