Turbo ya mutu: sabo za ka saya, na Beljiyam, ko ciki kawai za a canza?

Kwanaki wani direba ya shigo garejina da Hilux mai injin 1KD, baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya, motar ta daina ja a hawa, ko gaisawa bamu gama ba yace Oga turbo nake nema nawa ne. Nace Malam bari mu duba tukuna. Muka jona kwamfuta ta kawo lambar matsala P0299, wato iskar da turbo ke turawa cikin inji don ƙara masa ƙarfi bata kai ba, na bi tiyon intakula (abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji) da hannu sai ga tsaga ta ƙasa, mai ya jiƙe wajen, yatsa biyu na shiga. Tiyo muka canza ya kama hanya. To kafin ka fito da kuɗi a duba tiyo, filtar iska, EGR (bawul mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji) da nozul (mai fesa dizal cikin inji), don duk suna kawo hayaƙi da rashin ƙarfi irin wannan.

In kuma an tabbatar turbon ne, yana kuka kamar jiniya ko yana zubo baƙin mai ta salansa, sai maganar wanne za ka saya.

Sabo na asali, irin su Garrett, BorgWarner, IHI ko na Toyota kansa, shi ne kwanciyar hankali amma fa kuɗin ba wasa ba. Ni ina ba mai motar da ke doguwar tafiya shawararsa, irin mai zuwa Agadas ko Maiduguri da kaya, wanda in ta tsaya masa a daji asarar ta fi kuɗin turbon. Sai dai kar kwali ya ruɗe ka, kwali kowa na bugawa, lambar da ke jikin ƙarfen za ka haɗa da ta tsohon naka.

Na Beljiyam, wato na hannu da aka kwanto daga motocin ƙasar waje, shi yawancinmu ke saya, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko a aiko maka daga Ladipo, kuma wallahi akwai masu kyau sosai a ciki, na sha ɗaura wanda ya yi shekaru lafiya lau. Matsalar baka san wahalar da ya sha a can ba. Ka je da bakanikenka, kar ka yi aike. Ka kama sandar tsakiya da yatsu biyu ka girgiza, ɗan motsi gefe da gefe ba laifi bane tunda akan mai take shawagi, amma in tana shiga tana fita gaba da baya, ko fankar na gogar bango, ajiye shi ko nawa aka rage maka. Ka haska tocila ka ga bakin fankar, in ya ci kamar haƙorin zarto ƙura ya sha. Ka leƙa ɓangaren salansa ko akwai tsaga ko danshin mai. In mai fukafukai ne a ciki masu buɗewa da rufewa, irin na 1KD, ka motsa hannun ka ji yana tafiya sumul ba ya sarƙewa, sannan ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in an ɗaura bai yi ba za ka dawo da shi.

Canza ciki kuwa, wato katirij, shi na fi so in gidan turbon bai tsage ba. Za ka samu sabuwar sanda da fanka da bushin duk a haɗe, ka mayar cikin gidanka na asali, kuɗin kuma bai kai na sabo ba ko kusa. Sharaɗin ɗaya ne, ya zama an daidaita shi a na'ura tun daga kamfani. Abin nan yana juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, don haka masu kwance shi su sa bushin da sil da hannu a kan benci ban yarda da aikin ba sam, zai yi sati biyu ya fara kuka.

Cikakken turbo mai araha mara suna, shi kam ban ɗaura wa kowa. Sau da yawa saitin fukafukan baya daidai, yau kwamfuta ta kawo P0234 iska ta yi yawa, gobe mota ta riƙe kanta ta ƙi wuce gudun keke.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya kashe kuɗi ya ɗaura, bayan wata biyu ya sake mutuwa, ya zo yana zagin mai shago alhali abin da ya kashe na farkon yana nan. Yawanci baƙin mai ne, ko ya yi datti ko baya isowa. A 1KD in washar nozul ta fara yoyo, baƙin gawayi ke gangarawa ya toshe rariyar famfon mai a ƙasan injin, a Peugeot 1.6 HDi kuma ƴar rariyar da ke bututun man turbo ce ke toshewa. Don haka ka sa kuɗin sabon bututun mai, baƙin mai, filtar mai da ta iska cikin lissafinka tun farko, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Ranar ɗaurawa a tsiyaya mai cikin turbon kafin a tayar, a bar injin a silo na ƴan mintuna ba tare da taka totur ba. Kuma a cire intakula a wanke shi tas, don man da tsohon turbon ya tara a ciki injin dizal zai iya zuƙarsa ya riƙa gudu da kansa, ka zare makulli ma ya ƙi mutuwa.