Kumburin Tamowa da Kumburin Ƙoda

A Tudun Wada na ga yarinya 'yar shekara 2, ƙafafunta sun kumbura, uwar tana murna wai ƙiba ce. Na danna bayan ƙafar, yatsana ya bar rami. Tamowa ce. An yaye ta da koko zalla, ba wake, ba ƙwai, ba gyaɗa, jini ya rasa sinadarin da ke riƙe ruwa. Gashinta har ya yi ja.

Kumburin ciwon ƙoda kuwa fuska yake fara kamawa da safe, fitsari na kumfa, gishiri da dunƙule suna ƙara shi. Gyaran abinci kaɗai ba ya raba mutum da shi, sai an gwada fitsari da jini a asibiti, kamar asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Mai tamowar ma a kai ta asibiti, don Allah kada a tsaya jiƙe-jiƙe.