Madubin bindiga mai fitila ko marar fitila: abin da na gani bayan kaka biyu

Tun da aiki ya kawo ni jihar Texas ta Amurka nake zuwa filin harbi ranar Asabar, in Nuwamba ta kama kuma in bi abokai farautar barewa mai farin wutsiya. Bindigata 6.5 Creedmoor ce. Na fara da madubi 6-24x50 (wato mai zuƙo abu daga sau 6 zuwa sau 24, faɗin gilashinsa na gaba milimita 50) wanda zanen saitinsa baƙi ne zalla, daga baya na sayi 5-25x50 mai fitila ja a cikin zanen. Dukansu na yi kaka guda cur da su, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

A filin harbi da rana, gaskiya ban ga abin da fitilar ta ƙara mini ba. Farantin ƙarfe ne an shafa masa farin fenti, rana ta take, baƙin layi a kansa ya fito raɗau. A yadi 600 harsashina yana faɗuwa wajen mil 4 (mil a nan ma'aunin kusurwa ne na cikin zanen saiti, ba mil na tafiya ba), kuma ƙananan alamomin da nake ƙirgawa don gyaran iska sun fi fitowa da kaifi in fitilar tana kashe. Wanda harbinsa ya tsaya a nan, ya zuba kuɗinsa a kan gilashi mai kyau da maɓallan juya saiti masu komawa daidai inda aka bar su. Zai ma samu sauƙin nauyi, don madubina na biyu ya fi na farko nauyi sosai a kafaɗa.

Wajen farauta ne labari ya sha bamban. Dokar Texas ta yarda a harbi barewa daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta, kuma duk maharbi ya sani, ko a dajin gida ne, dabba ta fi fitowa a waɗannan lokutan. Wato daidai sanda ake kiran Magariba ne kake zaune kana leƙen gindin itatuwa. Madubaina duka irin waɗanda zanen yake girma yana ƙanƙancewa tare da zuƙowa ne. Amfanin haka shi ne mil ɗaya yana nan santimita 10 a mita 100 ko nawa ka zuƙo. Illarsa kuma, in ka rage zuƙowa zuwa 5 ko 6 don ka ga fili da faɗi, layukan sai su koma kamar silin gashi. Ka ɗora silin gashi baƙi a kan kafaɗar barewa mai ruwan ƙasa, tana tsaye cikin inuwar duhuwa, ka gaya mini me za ka gani.

Haka ta faru da ni a kakar farko. Namiji ya fito a kusan yadi 180, ina ganinsa sarai, amma na rasa tsakiyar zanen. Na ɗauke yatsa daga kunama na bar shi ya wuce, don ba zan yi bisimilla in harbi dabba a inda ban tabbata ba, ta tafi da rauni ta mutu a wahale. Abin ya tsaya mini a rai har na canza madubi. A kaka ta biyu, kusan a irin wannan hasken, na kunna fitilar a mataki na ɗaya, tsakiyar ta fito ja siriri, harsashi ɗaya ya wadatar.

A lura da wannan mataki na ɗayan. Matakai 10 ne a nawa, kuma kuskuren da na fara yi shi ne ƙure shi. In duhu ya soma shiga ka kai shi 7 ko 8, jan sai ya bazu, idonka ya tsuke, dabbar ta ɓace a bayan hasken. Fitilar ba ta haska abin da kake hari, zanen kawai take nuna maka. Don haka in za ka saya, kada ka duba iya ƙarfinta a cikin shago mai lantarki, ka nemi lungu mai duhu ka ga ko mataki mafi ƙanƙanta yana da laushi. Na kuma ji daɗin cewa tsakanin kowane mataki akwai wurin kashewa, danni ɗaya ka koma inda ka saba.

Batun batir bai kai yadda ake zuzuta shi ba. CR2032 ne, mai kama da kwabo, ana samunsa ko'ina. Zanen a jikin gilashi aka sassaƙa shi, ko batir ya mutu baƙin layin yana nan, ka koma mai madubi na gargajiya ke nan. Sanyi dai yana rage masa ƙarfi, ni ma na taɓa mance shi a kunne kwana da kwanaki a cikin akwati, don haka yanzu akwai guda ɗaya a aljihun jakar harsashi.

Tsohon madubin ban sayar ba. Na ɗora shi a kan ƙaramar bindiga .22 da nake atisaye da ita da rana, mai fitilar kuma yana kan Creedmoor yana jiran Nuwamba.