GARGAƊI: Mai sayar da zanen Japan ya cinye min naira 480,000

Naira 480,000, jama'a. Duk sanda na tuna sai barci ya ƙaurace min.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba. Shekara shida ina bibiyar zanen Japanawa da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako. Na san hoton da shahararren mai zanen Japan Hiroshige ya yi na wurin bautar Kameido Tenjin, inda furannin wata shuka mai yaɗo da suke kira fuji ke reto a gaban gada mai lanƙwasa kamar baka, aikin 1856 cikin jerin wurare ɗari na Edo, wato Tokyo ta yau. To shi ma mutumin da ya ce zai sayar min da tsohon bugun wannan hoton ya san duk wannan. Shi ya fara ce min Hiroshige ya rasu a 1858. Wallahi wannan maganar ce ta kashe min jiki. Na ce a raina, ina ɗan damfara zai san haka?

Na tura masa 300,000 ranar Laraba. A'a, kafin nan akwai 30,000 na kafin alƙalami, wai wani a Dubai ya matsa masa. Daga baya 150,000, wai kuɗin kwastam. Ku lissafa, 480,000 cif.

Abin da ke ci min rai, na tambaye shi hoton bayan takardar! Na tambaya. Bugun gaskiya da hannu ake murza shi da wani faifai da suke kira baren, launi ya ratsa takardar har a ga alamarsa ta baya. Ya ce ai tsohon bugu ne, yana cikin firam, buɗewa zai ɓata shi. Da muryarsa a sanyaye, har da "Alhaji, amana ce tsakaninmu". Na yarda. Ni da na san wannan ƙa'idar, na yarda.

Da kaya ya iso, bayansa fari fat, takarda mai sheƙi irin ta kalanda, ɗige-ɗigen firinta ko'ina. Mai firam ɗin unguwarmu ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Yallaɓai, dubu biyar ma an cuce ka." Washegari wanda ya sayar min ya toshe ni a WhatsApp. Ko a daren ne ma. Maiɗakina har yau ba ta san adadin ba.

Hirarmu da rasit uku duk suna wayata, zan ɗora su anjima. Wanda ya hana ku ganin bayan takarda, kada ku tura ko kwabo. 480,000 fa!