Hattara da masu sayar da cibiyar ko-ta-kwana ta bogi ga z/VM

Jama'a masu kula da manyan injunan IBM Z, musamman masu gudanar da Linux a kan z/VM (manhajar IBM da ke raba inji ɗaya ya yi aiki kamar injuna da yawa), ku buɗe ido. Akwai dillalai da ke yawo da takardu masu ƙyalli, suna cewa suna da cibiyar ko-ta-kwana da za ta ɗauki aikinku cikin 'yan awoyi in gobara ko ambaliya ta ci taku. Kuɗin wata-wata suke karɓa, kuma arahar ce ke jan mutane.

Wasunsu inji ɗaya tak gare su, sun sayar wa kamfanoni barkatai. Ranar da masifa ta afka wa yanki guda, kowa can zai ruga. Wasu kuwa ko injin ba su da shi: kwamfuta ce ta yau da kullum aka ɗora wa Hercules, manhajar da ke kwaikwayon injin IBM. Hercules ba ta da laifi, masu koyo na cin moriyarta, amma IBM ba ta ba da lasisin z/VM na yanzu a kanta. Ka biya kuɗi ke nan don wurin da ba ka da izinin aiki a ciki.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne alkawarin "ko bayani ɗaya ba zai ɓace ba" alhali cibiyar tana can wata nahiya. Metro Mirror, tsarin IBM mai rubuta bayani a wuri biyu lokaci guda, iyakarsa kusan kilomita 300 ne. Abin da ya zarce haka sai irin su Global Mirror, mai tura kwafin bayani daga baya, shi kuwa kullum yana ɗan baya, ko da daƙiƙu ne. Wanda ya musa wannan, ko bai san aikin ba, ko yana son cutar ka.

Kada ka sa hannu sai ka je da kwafin faifanka, ka ga an yi IPL, wato an tayar da z/VM daga faifan, da idonka. Adireshin faifai a can ba lallai ya zo ɗaya da naka ba, don haka duba yadda suka daidaita SYSTEM CONFIG da USER DIRECT (fayilolin saitin z/VM), ka tsaya har injunan Linux su tashi, su shiga hanyar sadarwa. Nemi lambar injin. In sun ce da CBU (tsarin IBM na ƙara wa inji ƙarfi na ɗan lokaci in masifa ta afku) za su ƙara ƙarfi, su nuna yarjejeniyarsu da IBM.

A rubuta cikin kwangila cewa kana da haƙƙin gwaji duk shekara, da adadin waɗanda kuke raba injin da su. In suka ce "asirin kamfani ne", ko suka miƙo maka rahoton gwajin wani, tattara takardunka ka fita.