Sharhi kan kunshin kwafin tsofaffin zanen zambo na Ingila

Kunshin da na duba yana ɗauke da takardu 12 masu kauri, girman A3, kowacce da kwafin zane guda. Takwas na William Hogarth ne: Beer Street (Titin Giya) da Gin Lane (Lungun Jin, wata barasa mai ƙarfi) na 1751, da guda shida na Marriage A-la-Mode na 1745, jerin da ke ba da labarin wani auren haɗi na neman kuɗi da matsayi. Sauran su ne biyu daga shagon Matthew da Mary Darly, ɗaya na James Gillray, ɗaya na John Leech. Zaɓin ya yi kyau ƙwarai, bugun ne ke da gyara.

Irin wannan zane, gatsensa yana cikin ƙananan abubuwa ne. A kan farantin jan ƙarfe ake yanka layuka, a cusa tawada, a danna takarda. Babu toka-toka a ciki, duk inuwar da ido ke gani siraran layuka ne da suka gitta juna. In kwafi ya sha tawada, layukan sai su haɗe su zama baƙi ƙirin, abin da ke cikin duhun ya ɓace. Da gilashin ƙara girma ake gane wannan: a ɗora shi a wuri mafi duhu, in ana ganin farin takarda tsakanin layuka, bugun ya yi.

Gin Lane ya tsallake wannan gwaji, kuma shi ne mafi kyau a kunshin. Asalinsa kusan santimita 39 ne a tsaye, 32 a kwance, faɗin A3 kuwa bai kai 30 ba, don haka an ɗan rage shi, amma ba abin da ya salwanta. Ga uwar nan zaune a kan matakala, ƙafafu duk gyambo, hannu na laluben gwangwanin tabar shaƙa, jaririnta na sulluɓewa ƙasa ba ta ma sani ba. Ga kafinta yana miƙa zartonsa da kwat ɗinsa jingina, mace a gefensa da tukwanenta. Rubutun da ke saman ƙofar mashayar ƙarƙashin ƙasa yana karantuwa sarai: kwabo ɗaya ka bugu, kwabo biyu ka yi tilis, ciyawar kwanciya kyauta. A duk unguwar St Giles da aka zana, mai karɓar jingina da mai dafa barasa da mai sayar da akwatin gawa ne kaɗai ke cikin wadata.

Kada a rataye shi shi kaɗai. Hogarth ya fitar da shi tare da Beer Street, sule ɗaya kowanne, a shekarar da majalisa ta yi dokar taƙaita sayar da jin. A Beer Street kowa ya yi ɓulɓul, ana gini, ana ciniki, gidan mai karɓar jingina ne kawai ke rushewa. Sai an jera su kafaɗa da kafaɗa ake ganin juyin. A ganina hujjar Hogarth tana da rauni, domin ya ɗora wa kwalba laifin da rabinsa na yunwa ne da rashin aiki. Amma bai mai da talakawan nan abin dariya ba. Duk wanda ya tsura wa fuskar jaririn ido zai ji haka a ransa.

Kwafin Beer Street da aka sa bugun baya ne, inda maƙeri ke ɗaga cinyar nama. A bugun farko Bafaranshe yake ɗagawa da hannu ɗaya. Takardar bayanin da ke kunshin ba ta faɗi wannan ba, kuma ya kamata ta faɗa.

A Marriage A-la-Mode aka fi yin ɓarna. Waɗannan a kwance suke, faɗinsu ya haura santimita 45, sai aka matse su da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na farko ya tsira: basarake, uban ango, mai ƙafa a naɗe yana nuna bishiyar asalinsa, attajiri, uban amarya, yana duba takardar yarjejeniya, kuɗi zube a tebur, ango ya juya wa amarya baya yana kallon madubi, ita kuma tana zura hankici ta cikin zoben aurenta. Karnuka biyu ɗaure da sarƙa guda suna nan a ƙasa. Amma baƙin tabon da ke wuyan ango, alamar tunjere, ya kusa narkewa cikin inuwa, alhali shi ne zaren da ke bin labarin har takarda ta ƙarshe, inda tabon ya bayyana a jikin ɗan da aka haifa, uban amarya kuma yana zare zobe daga yatsan 'yarsa tana mutuwa. Wanda ya saba da zanen fentin da ke National Gallery a Landan zai ga dama ta koma hagu. Wannan ba laifin mai bugu ba ne, haka farantin ke juya hoto.

Na Darly biyun, 'yan gayun da ake kira makaroni ne a farkon shekarun 1770, masu hular gashi kamar hasumiya da 'yar mitsitsiyar hula a ƙololuwa. Sun fito tsaf, ba su da wani zurfi.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai yana kan Following the Fashion na Gillray, 1794. Mata biyu ne cikin riga iri ɗaya mai ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya siririya daga St James's, unguwar manya, ɗaya mai ƙiba daga Cheapside, unguwar 'yan kasuwa. Rubutun ƙasa ne ke kiran ta farko rai ba jiki, ta biyu jiki ba rai. An yanke shi don hoton ya cika takarda. Ba tare da shi ba, abin ya koma ba'a ga ƙiba da rama kawai, maganar matsayi ta tafi. Launin ma an cika masa ƙarfi. Da hannu ake shafa wa irin waɗannan launi mai ruwa-ruwa, layin baƙi na bayyana a ƙarƙashi.

Na Leech, Substance and Shadow, ya fito a mujallar Punch a 1843. Masu tsumma ne, har da gurgu da yara, suna kallon hotunan masu hannu da shuni a zauren baje koli, a lokacin da gwamnati ke shirya gasar zanen ƙawata sabon ginin majalisa. A nan bulalar kan masu mulki ta sauka. Da katako aka buga asalinsa, layukansa masu kauri ne, don haka kwafin bai sha wahala ba.

Malamin tarihi ko ɗalibin zane zai ci moriyar kunshin saboda biyun nan na 1751 da na Leech. Kafin a biya, a tambayi mai sayarwa ko rubutun ƙasa yana nan cikakke, ko wane bugu aka kwafa, kuma ko akwai girman A2 na guda shidan Hogarth. In za a sa a firam, a bar tazara tsakanin gilashi da takarda, a nisanta na Gillray da hasken rana.